Ƙofar but ɗin motar Baba

Jama'a, ku ji wannan! Ƙofar da ta gagari bakanike wata huɗu, yau wata tsohuwa ta buɗe ta da gwiwa!

Kun tuna motar nan wagon ta marigayi Babanmu, wadda ta shekara tara a gindin mangwaro kaji na ƙwai a ciki? Na tashe ta! Batir, tayoyi, fenti, komai sabo. Injin ko tari ba ya yi. Ƙofar but kaɗai ta ƙi buɗuwa. Bakanike ya ce sai an yanka. Na ce ba mai yanka motar Baba.

Yau na ja ta daga Kafanchan zuwa kasuwar Godogodo. Ina fakin, wata tsohuwar Bafulatana mai nono ta sauke ƙwarya, ta zagaya motar.

Ta ce, "Wannan ba motar Ticha ba ce?"

Na ce, "Ita ce, Inna. Ni ɗansa ne."

Sai ta nufi baya. Na ce, "Ba ta buɗuwa fa!" Ko kallona ba ta yi ba. Ta danna gwiwa a ƙarƙashin lamba, ta fizgi mariƙin sama. Ƙwas! Ƙofa ta tashi!

Na saki baki.

Ta ce, "Babanka ya koya mini. Ran kasuwa shi yake mayar da mu gida. A nan bayan na haifi ɗan farina, ba mu kai asibiti ba."

Ta tura ƙwaryarta ciki, ta hau, ta gyara zama.

"Me kake jira? Ka san hanyar ruga, ko ita ma sai na nuna maka?"