Yadda Kawuna dillali ya sayar da gidan da yake haya

Kawuna dillalin gidaje ne, shekara goma sha biyar yana yi amma ko bulo ɗaya bai mallaka ba, haya yake a unguwar gangare, ɗaki biyu, shi da Anti da yara biyar.

Unguwa biyu yake wa aiki, tudu da gangare. In ya hau tudu sai ya ce wa mai neman gida ai gangare ba wajen mutum ba ne, sauro kamar ya ɗauke ka, ruwan sama ɗaya katifarka ta yi iyo. In ya sauko kuma ya ce tudu? Kuɗin ɗaki ɗaya can ya kama maka gida sukutum a nan, kuma a can ko suma ka yi maƙwabci ba zai leƙo ba.

To matsalar Kawu ba ya zuwa ganin gida, ta waya yake ciniki, wannan dillali ya faɗa wa wancan, wancan ya faɗa masa. Rannan aka ce masa ga gida a gangare na sayarwa da gaggawa, bai ma tambayi layi ba ya kira wani mai shagon tayoyi, ya ce ranka ya daɗe gangare ce tudun gobe, saya yanzu. Mutumin ya ce akwai 'yan haya a ciki? Kawu ya ce bar ni da su, na san irinsu, taurin kai kawai, sati biyu na watsar maka da kayansu waje. Har ya sa hannu a takarda kan haka saboda zumuɗin la'ada.

Sai da aka biya suka shiga mota a je a gani. Mota ta sha kwana ta shiga layinsu Kawu yana ta ɗaga wa mutane hannu, can ta tsaya cak a ƙofar gidansu, ga Anti tana shanya.

Ta ce baban yara lafiya, baƙi muka yi?

Mai tayoyi ya ce wannan ce mai taurin kan?

Wallahi Kawu ƙin fitowa ya yi daga motar, sai da direba ya buɗe masa.

Ya roƙi wata guda, mutumin ya nuna masa sa hannunsa. Jiya suka kwaso kaya zuwa gidanmu, Mama ta ba su falo, Anti kuwa in za ta yi masa magana sai ta ce a faɗa wa dillali.