Fuskar Inna a Saman Soro

Shekarar da na gama sakandare ba ni da aikin fari bare na baƙi, sai kallo. Wata 'yar'uwata ce ta tura mini wani fim na Koriya a waya, ta ce na ban tsoro ne, kada in kuskura in kalla ni kaɗai. Ni kuwa da taurin kai, ana idar da la'asar na haye saman soron gidanmu na Dukawuya, na jingina da zanko na kunna. Rana ta yi sanyi, Goron Dutse ya yi jajir, tattabarun maƙwabta suna ta shawagi.

Labarin wani tsoho ne mai zana labarai a littafi, hoto bayan hoto, matarsa ta rasu. Kullum da safe sai ya tarar an ƙara hoto ɗaya wanda ba shi ya zana ba: wata mata a tsaye can nesa, kuma kowace safiya tana ƙara matsowa. Mutanen fim ɗin sai ihu suke yi suna gudu. Ni ƙyashi ne ya kama ni. Shi tasa tana matsowa, ni tawa kullum nisa take ƙarawa.

Inna ta rasu ina shekara tara, kuma ba ta bar hoto ko ɗaya ba, don ba ta yarda a ɗauke ta. Ina tuna ƙamshin man shanu a tafin hannunta, ina tuna tarinta idan hayaƙin murhu ya shaƙe ta. Fuskar ce ta fara zame mini, in na rufe ido sai in ga mayafi kawai. Wannan ya fi fatalwar Koriya ba ni tsoro.

Washegari na samo fensir da takarda na koma soro don in zana fuskarta. Ban iya zane ba, ta farko ma kamar mujiya ta fito. Na ci gaba dai, kwana da kwanaki. Wani lokaci in na daɗe ina gyara gira, sai in ji kamar tana zaune a bayana tana fifita, ba na waiwayawa don kada ta tashi.

A ɓoye nake yi, saboda Baba. Baduku ne, shekara da shekaru yana ƙawata fata da dagi da ganye da tauraro, bai taɓa zana abu mai rai ba. Duk zanen mutum ko dabba da ya shigo gidanmu sai ya ja masa layi a wuya da biro, don kada gobe ƙiyama a ce a hura masa rai. Zakarun littafina na firamare duk yankakku ne.

Rannan sai ga shi ya hawo shanya jar fata. Na tura takardar ƙarƙashin zani, amma ya riga ya gani. Ya miƙo hannu, na ba shi. Fensirina na ƙasa, bironsa na aljihun gaba. Ita kaɗai ce ta ɗan yi kama da Inna, kuma na san in aka yanka ta ba zan iya sake wata ba.

Ya daɗe yana kallo, fatar tana ɗiga a kan takalminsa.

"Me ya sa kika rufe mata baki?"

Na ce ban tuna haƙoranta ba. Ina faɗa kuka ya ƙwace mini.

Ya ajiye fatar, ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya karɓi fensirin. Ya goge leɓen da babban yatsa, ya buɗe shi kaɗan, ya ja ɗan siririn layi tsakanin haƙoran gaba.

"Innarki wushirya gare ta," ya ce.

Take na gan ta, a tsugune bakin rijiya tana yi mini dariya. Baba ya yi istigfari ƙasa-ƙasa, sannan ya gyara zama ya fara cika mata kumatu.