Hantar Rago a Summerfield

Ina ajin ƙarshe a sakandare aka ɗauke ni a wani tsari da wasu jami'o'in Amurka ke yi. Ana ba ɗalibi gurbin digirin farko da na makarantar likitanci a lokaci guda, shekara takwas a jere, ba sai ya sake bin layin neman gurbi ba. Sharaɗin shi ne kada makinsa ya sauka, kuma ya riƙa cika wasu sa'o'i a asibiti yana bin likitoci yana kallon aikinsu. Wanda ya gaza, a ba wani kujerarsa. Na zaunar da Baba a falonmu na unguwar Glenwood, a garin Greensboro, na yi masa bayanin nan dalla-dalla. Kalma ɗaya ce ta shiga kunnensa. Kafin Juma'a ta zagayo, duk Hausawan Greensboro sun ji cewa 'yar Alhaji mai tasi ta zama likita.

Daga nan sunana ya ɓace. 'Yan Najeriya su ce Likita, 'yan Nijar su ce Lokotoro. A wajen suna ko walima sai wata dattijuwa ta ja ni gefe ta zazzage mini kwalaben magani a cinya, ni da ko sunayen ƙasusuwan hannu ban gama haddacewa ba. Wanda ya fi damuna shi ne Baba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina goye Uwata yake kirana. Shi ma ya koma Likita, kuma yana faɗa yana waiwayawa ya ga wa ya ji.

Abin da babu wanda ya sani shi ne ba na iya kallon jini. A ranar ganawa da malaman tsarin an tambaye ni dalilin da ya sa nake son likitanci, na ba su labarin yadda nake yi wa Mama tafinta a asibiti tun ina ƙarama, suka yi ta gyaɗa kai. Babu wanda ya tambaye ni jini. Ni kaina ban san abin ya yi nisa haka ba, domin a gidanmu duk ranar da za a gyara nama sai in ce ina da karatu, karatuna kuwa ko Mama ba ta isa ta taɓa shi ba.

A hutun bazara na shekara ta biyu na dawo gida don in cika sa'o'ina a wani asibiti a nan garin. Aka sa ni sashen gaggawa. Aka shigo da wani mutum da injin yankan ciyawa ya tsaga masa ƙafa. Na ga an ɗaga tawul ɗin da aka naɗe ƙafar da shi. Abin da na gani bayan wannan shi ne rufin ɗaki, da wata nas da ta ɗora ƙafafuna a kan kujera tana miƙo mini lemo. Haka ya sake faruwa. A karo na uku ban jira faɗuwa ba, na gudu banɗaki na kulle kaina.

Labari ya kai ga matar da ke kula da mu a jami'a, ta kira ni a waya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce da yawa suna suma da farko, amma sa'o'ina ba su cika ba, kuma sauran a ɗakin tiyata zan yi su. Idan abin ya gagara, kwamiti zai zauna a kan kujerata. Ta ƙara da cewa babu abin kunya idan mutum ya canza hanya. Na ce a raina, baiwar Allah, ba ki san Greensboro ba.

Tsoro ya kama ni. Abinci ya daina wucewa. A cikin bas, idan wani ya kama ƙarfen sama, jijiyoyin hannunsa kawai nake gani, sai in ji miyau ya cika mini baki. Ina tsoron ɗakin tiyata, ina tsoron kwamiti, amma na fi tsoron fuskar Baba a ƙofar masallaci ranar da wani zai tambaye shi ina Likita.

A cikin wannan hali Babbar Sallah ta zo. Mutanenmu a wata gona a Summerfield, can bayan gari, suke yin layya, wajen wani Bature mai kiwon dawakai da tumaki. Maza suna can bayan garke suna yanka bi da bi, mata suna ƙarƙashin itatuwa da robobi suna wanke kayan ciki. Ni kuma kamar kullum ina cikin mota da littafi. Sai na ji hayaniya. An fito da hantar wani rago an ga farare-fararen ɗigo a jikinta, gardama ta kaure a kan ko za ta ciwu. Wata Anti 'yar Maraɗi, ƙawar Mama, ta ɗaga murya.

"Kai, ku bar wahal da kanku! Ga Lokotoro can cikin mota, ku kira ta!"

Babu hanyar gudu. Na ajiye littafin na taho. Aka buɗe mini hanya, ana murmushi, wani har ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Anti ta miƙo robar. Hantar tana sheƙi, tana tururi, jini ya taru a gefe guda. Na ji kunnuwana sun toshe.

Na farka kaina a cinyar Mama, ana yayyafa mini ruwa. Mama na cewa, "Azumin Arfa ne, jiya ko ruwan kirki ba ta sha ba." Anti ta yi ƙasa da murya, amma na ji ta: "Ikon Allah. Hantar rago fa kawai."

Baba bai ga faɗuwata ba. Shi bai taɓa yanka ragonsa da hannunsa ba, wani Malam yake wakiltawa, shi kuma ya tafi bakin shinge yana kiran 'yan'uwa a Kano yana yi musu barka da Sallah. Da labari ya kai masa, sai ya taho da gudu babbar rigarsa na tashi, ya kama ni ya kai ni bayan ɗakin dawakai inda babu kowa. A nan na faɗa masa komai, mai injin ciyawa, banɗaki, kwamiti.

Sai ya miƙo mini wayarsa. A kashe take.

"Babu wanda nake kira," ya ce. "Tun ina yaro ba na iya kallo. Ko mamanki ba ta sani ba." Ya share gumi da hannun riga. "Amma ni direba ne. In na juya baya babu wanda zai mutu. Ke fa..."

Bai ƙarasa ba. Can ya ce idan bari nake so in bari, shi zai tsaya a masallaci ya faɗa da bakinsa, kada in damu da kowa. Na zaci wannan maganar za ta sauke mini nauyi. Sai ta ƙara mini tsoro, domin yanzu babu wanda zan ce shi ya tilasta mini. A daidai lokacin na gane ina son kujerar nan, ni da kaina nake son ta.

Daga bayan garke Malam ya ƙwala kira: "Alhaji! An zo kan naka!"

Baba ya kai wayar kunne, don ya saba. Na riƙe hannunsa. Na ce, "Baba, zo mu tsaya."

Muka tsaya a gaban mutane, shi da ni. Ya damƙe wuyan hannuna, tafinsa sanyi ƙalau. Aka kwantar da ragon. Malam ya yi bisimilla ya yi kabbara. Na hana idona rufewa. Jini ya yi tsartuwa a kan ciyawa, duhu ya fara tahowa daga gefen idanuna. Sai na ji hannun da ke riƙe da ni ya sake. Baba ya sulale ƙasa.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na kwantar da shi rigingine, na kwance masa maɓallin wuya, na ce a miƙo bokiti na ɗora ƙafafunsa a kai, yadda nas ɗin nan ta yi mini. Na yi wa manyan maza tsawa su ja baya ya sha iska, suka ja. Na sa yatsu a wuyansa, na ji jijiya tana bugawa. Sai a lokacin na lura a cikin jinin ragon na durƙusa, ya jiƙa mini leshi har gwiwa, da ɗuminsa.

Baba ya buɗe ido a hankali.

"Uwata," ya ce, "kin kalla?"

"Na kalla, Baba."

"Har ƙarshe?"

"Kai ka hana ni."

Ranar da zan shiga ɗakin tiyata shi ya kai ni a tasinsa. A ƙofar asibiti ya ce ba zai ɗauki fasinja ba sai na fito. Da na waiwaya daga bakin ƙofa, na hango shi zaune a mota, ya ajiye wayar a kujerar da na tashi, yana kallona.