Wayar Baba da Na Mayar Kwamfuta

Na yi ɓarna iri-iri a rayuwata, mafi yawansu ko an tuna mini sai na yi dogon tunani kafin su dawo. Amma abin da na yi wa tsohuwar wayar mahaifina ba ya cikinsu. Wannan kam ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zai bar raina.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Batsari, asalinmu kuwa wani ƙauye ne a ƙasar Safana. Tun ina ƙarami Allah ya jarrabe ni da son kwance abu in ga cikinsa. Rediyo, tocila, agogon bango, babu wanda ya tsira daga hannuna, kuma rabinsu ba su sake aiki ba. Maiɗakina ta san halina sarai, shi ya sa in za ta unguwa take kulle keken ɗinkinta ta tafi da makullin.

Da Baba ya rasu, wayarsa ta faɗo hannuna. Ba wata waya ba ce, allonta ya tsage ta kusurwa, ga nauyin aiki. Saboda layin da ke cikinta aka ba ni ita. Baba yana da amini, wani dattijon Bafulatani da muke kira Baffa, rugarsu tana bayan garin Babban Duhu. Tun suna samari suke tare. Shanun Baba biyu a hannunsa suke kiwo, shi kuma duk kaka yakan sauke garkensa a gonarmu, su ci kara su bar mana taki. Baffa bai san lambar kowa ba. Lambar Baba kaɗai aka ajiye masa a 'yar wayarsa, sai ya danna maɓalli ɗaya ya riƙe. Rugarsu babu sabis, sai ranar Juma'a in ya shigo gari masallaci yake samu, don haka shi ne mai kira, ba a kiransa. Rasuwar Baba ba ta sa ya daina ba. Duk Juma'a bayan an sauko sai wayar ta yi ƙara, in ɗauka, mu gaisa, ya tambayi Inna da yara, ya ba ni labarin ruwa da na shanu. Ranar da mahaifiyarmu ta miƙo mini wayar, abu ɗaya ta ce, kada in bari layin nan ya mutu, don shi kaɗai ya rage tsakanin gidanmu da mutumin nan.

Na riƙe amanar kusan shekara, sai tsohon ciwona ya motsa. Wata rana ina karance-karance a tawa wayar na ci karo da masu cewa ana iya goge duk tsarin da waya ta zo da shi, a zuba mata Linux, irin wanda ake sa wa kwamfutar tebur, ta koma kwamfuta sosai. Na karanta sau uku ban gaskata ba. Na duba jerin wayoyin da aka gwada, sai ga irin ta Baba a ciki. Daga ranar na rasa sukuni. Ina cikin aji ina koyar da kusurwoyi, hankalina yana kan tambaya ɗaya: shin da gaske wannan 'yar abar da ke aljihuna za ta iya abin da kwamfutar ofishin shugaban makaranta take yi?

A ƙasan bayanin akwai jadawalin abin da ke aiki bayan an yi sauyin. Allo yana aiki, caji yana aiki, intanet yana aiki. A gaban kira sai aka rubuta cewa wani lokaci yana yi. Ni da nake ja wa ɗalibai jan biro in sun tsallake rabin tambaya, na karanta wannan na ɗauka an ce yana yi. Gaskiya ita ce na gani, zuciyata ce kawai ba ta son gani.

Aikin yana buƙatar kwamfuta, ni kuma ba ni da ita. Ranar Asabar na hau babur na nufi Safana wajen wani abokina mai shagon buga takardu. Muka haɗa wayar da kebul, na riƙa kwafar umarni ɗaya bayan ɗaya ina bugawa, ban san ma'anar rabinsu ba. Allon wayar ya yi baƙi, farin rubutu ya riƙa gudu a kansa, sannan ya tsaya cak. Abokina ya leƙo ya ce in yi mata addu'a kawai, ta bi mai ita. Kusan kwatan awa na zauna ina jira. Can sai allon ya yi haske, ga tebur na kwamfuta da 'yan akwatuna da agogo a kusurwa, komai ƙanana ƙwarai, sai na kanne ido nake karantawa. Na yi dariyar da har masu jiran takardunsu suka juyo.

Kwanakin da suka biyo baya duk a kanta suka ƙare. Na samo tsohon kibod da maus na haɗa mata ta wani ɗan kebul, sai ga kibiya kamar ƙwayar gero tana yawo a allo. Na buɗe manhajar rubutu, na buɗe ta zane, na leƙa cikin manyan fayilolin da a da wayar take ɓoye mini. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu ƙofar da aka rufe. Duk abin da na tambaye ta sai ta faɗa mini, har zafin jikinta. Zafin kuwa ba wasa ba, in ta yi rabin awa tana aiki ba ta riƙuwa. Maiɗakina ce ta samo maganin. Ta ɗauke ta ta jingina a jikin randa, inda sanyin ruwa ke ratsowa, ta ce tunda na mai da ita mutum, to, a ba ta wurin shan iska. Tun daga nan ofishina ya koma gindin randa, ina zaune a tabarma da kibod a cinya, masu ɗibar ruwa suna tsallake ni.

A kanta na buga tambayoyin jarrabawar lissafi na ajina gaba ɗaya, da alamominsu da zane-zanensu. Da na kai makaranta malamai suka kewaye ni, kowa yana son ya taɓa maus ɗin. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Juma'ar farko sai da yamma na tuna wayar ba ta yi ƙara ba. Na ce ƙila Baffa bai shigo gari ba. Ta biyu na ce ƙila sabis ne. Maiɗakina ta ce in kira layin da tawa wayar mana in ji, na ce zan yi, sai wata sabuwar manhaja ta ɗauke mini hankali. Alamar sabis tana nan a saman allo, na bar ta ta rarrashe ni. Ta uku ko tunawa ban yi ba.

Ranar kasuwar Batsari da hantsi, ba ni da aji, ina gindin randa, aka yi sallama a ƙofar gida. Na fita na tarar da Baffa tsaye da sandarsa, ya rame fiye da yadda na san shi. Kowa ya san yadda hanyoyinmu suka zama a shekarun nan, kuma kowa ya san irin kallon da ake yi wa Bafulatani baƙo a tasha ko a shingen bincike. Mutumin da ya haura saba'in ba ya yin wannan tafiya don yawo.

Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, muka yi doguwar gaisuwa, amma ya ƙi taɓa ruwan da aka kawo. Sai ya ce shanun nan biyu sun zama huɗu, suna nan lafiya, in turo wanda zai kora su duk ranar da na ga dama. Na tambaye shi abin da ya yi zafi.

Ya ce, "Ɗana, ban zo da faɗa ba. Juma'a uku ina kira ana ce mini a kashe take. Mutane da yawa da muka ci tuwo tare sun sauya layi saboda kar a ga suna magana da irinmu. Ban ga laifinsu ba, zamani ne. Na ce in kai ma ka ga haka ya fi maka, in kawo maka amanar babanka da bakina, kada in riƙe abin mutane."

Kunyar da na ji a lokacin ban taɓa jin irinta ba. Na rantse masa ba haka ba ne, amma na ga rantsuwar ba ta isa ba, sai na shiga na kwaso wayar da kibod da igiyoyinta na baje a gabansa. Na ce ya kira. Ya danna maɓallinsa ya riƙe. Wayar Baba tana tsakaninmu, allonta tar, ko motsi ba ta yi ba, muryar mace kuma tana faɗa daga tasa wayar cewa a kashe take.

Na yi masa bayanin abin da na aikata iyakar iyawata. Abin mamaki, sai dattijon ya matso. Ya tambayi mece ce 'yar kibiyar nan, na ɗora hannunsa a kan maus, ya ja, ta bi shi, ya ja baya, ta dawo. Ya sa na nuna masa takardun jarrabawar, ya sa na zana masa da'ira. Ya daɗe yana kallo yana gyaɗa kai, har na fara jin daɗi.

Ya ce, "Duk wanga aiki tana yi?"

Na ce, "Tana yi, Baffa, har abin da ya fi haka."

"Amma ba ta iya amsa sallama."

Ya riƙa shafa tsagar allon da babban yatsansa, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da hannuna na sa babanka a kabari, amma ban ji ya tafi ba, tunda ina kira ana ɗauka. Sai ran da matar nan ta ce a kashe take."

Na tashi na karɓo ƙaramar wayar maiɗakina, na zare layin Baba na sa a ciki. Na ce ya sake gwadawa. Ya danna, wayar ta yi ƙara a tafina. Na ɗauka zai kashe tunda ya ji ta yi, amma ya kara tasa a kunne yana jira. Sai na ɗauka. Muna zaune a tabarma ɗaya, gwiwarsa tana taɓa tawa, ya yi mini sallama ta cikin waya, ya tambayi Inna, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa mini an samu ruwa a wajensu, ni kuma ina amsawa. Da ya gama ya kashe, ya jawo kwanon ruwan ya sha. Maganar kora shanu ba ta sake tasowa ba.

Ban daina kwance abubuwa ba, kuma ban yi nadamar sanin abin da na sani ba. Wayar tana nan da Linux ɗinta, har yau a kanta nake buga jarrabawa. Abin da na koya shi ne, kafin in tambayi me abu zai iya zama a hannuna, in fara tambayar wa ke dogara da shi a yadda yake. Na tsaya ina mamakin abin da wayar ta koya, ban duba abin da ta daina yi ba, kuma wanda bai san komai a kai ba shi ya yi mako uku yana zaton mun yar da shi.