Sun Ɗauka Kunyar Ɗan Fari Ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san na ɓace muku.

Hoton ƙarshe da na saka a nan shi ne na jakar haihuwata, zannuwa gefe, kayan jariri gefe, sabulu da auduga a aljihun gaba, har ina ba ku shawara kamar wata tsohuwar ungozoma. Daga nan kuka ji ɗif. Na ga saƙonninku, amsawar ce ban iya ba.

Na haihu lafiya a Dutse, namiji, aka sa masa Haidar. Da yake haihuwar fari ce, bayan suna aka kai ni wankan gida wurin Innata, a ƙauyenmu can wajen Miga.

Inna ta yi mini duk abin da aka yi mata. Ruwa ya tafasa a babbar tukunya safe da yamma, ta tsoma ganyen darbejiya ta fyaɗa mini. In na fito ga kunun kanwa kofi cike. Ban taɓa cewa a'a ba.

Ƙafafuna suka fara kumbura. Aka ce jego ne, zai saɓe.

Sai tari. In na kwanta kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji, na koma barci a zaune, jingine da bango.

Sannan na daina ɗaukar Haidar. In ya yi kuka sai in zuba masa ido har wani ya zo ya ɗora mini shi a cinya. Masu zuwa barka suka yi ta yabona. Goggo Hajara, ƙanwar babana, ta ce, "Kai, yarinyar nan akwai fulako. Ko kallon ɗan fari ba ta yi. Ba irin na yanzu ba, masu sumbatar jariri a gaban surukai."

Ba kunya ba ce. Hannuna ne ba ya iya ɗaga shi.

Kuma in faɗa muku gaskiya, ba na jin komai a lokacin. Ba tsoro, ba ɗoki, ko haushi babu. Ina kallon ɗana kamar ɗan maƙwabta, ina lissafin yadda zan ja numfashi na gaba.

Wata safiya na faɗi a wurin wanka. Aka kira Abban Haidar, ya zo da mota daga Dutse. Goggo ta fara cewa ba a fita da mai jego kafin arba'in, ya durƙusa ya ce, "Goggo, ku yi haƙuri, yau dai za ta fita."

A asibiti aka sa mini oksijin. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙirji, aka shafa mini wani abu mai sanyi aka yi hoton zuciya. Allurar da suka yi mini ta sa ni fitsari kamar famfo. Kullum da safe a ɗora ni a sikeli, a danna ƙafata da yatsa a ga ko wurin zai lotsa. Riɗin da Abban Haidar ya ajiye don ya yi daraja, duk a nan ya tafi.

Likita ya ce, "Zuciyarki ce ta yi rauni, ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Yana samun wasu mata bayan haihuwa, kanwa da gishiri kuma suna ƙara tara ruwa a jiki."

Na ce to. Kamar labarin wata ake ba ni.

Inna ce ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Likita, ni na jawo mata?"

Ya ce, "Hajiya, ba ke kika sa mata ciwon ba. Amma daga yau ba kanwa, ba tafasasshen ruwa."

Da aka sallame ni, Inna ta biyo ni Dutse, abin da ba ta taɓa yi ba. Ita ta sake tsarin ɗakin da na ɓata watanni ina shiryawa. Ta sauko da duk abin da ke sama, ta jera kayan Haidar a kwando kusa da katifa, magunguna da ruwan sha a inda hannuna zai kai. Ta raba mini tukunyar miya ba gishiri. Ba daɗi, amma na ci.

Ni ma 'yar fari ce. Tunda na taso ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, daga "ke" sai "yarinyar nan".

Bayan watanni likita ya ce zuciyar na farfaɗowa, zan iya gwada goyo kaɗan-kaɗan. Da muka dawo gida Inna ta ɗauko majanyi, ta ɗora mini Haidar a baya, ta ɗaure da kanta. Ya yi nauyi. Ya kwantar da kansa a tsakiyar bayana, ɗuminsa ya ratsa ni.

Sai Inna ta ce, "Rabi, in kin gaji ki faɗa. Ki faɗa mini da baki."

A nan na yi kukan da ban yi ba tun farkon ciwon.

Alhamdulillahi. Har yanzu ina shan magani, an kuma ce in ba da tazara sosai kafin wani cikin. Allah ya saka wa ma'aikatan jinya, da Abban Haidar, da Innata, da ku masu addu'a.

Masu ciki, ku shirya jaka, amma ku shirya wanda zai kai ku asibiti bayan haihuwa ma. Kumburin da ba ya saɓewa, haki, tari, kasa kwanciya sai a zaune, kada a jira arba'in. A tafi a duba. Kayan da za ku buƙata ku ajiye su ƙasa, kusa da shimfiɗarku.

Iyayenmu kuma, in kun ga mai jego ba ta ɗaukar ɗanta, kafin ku yabi kunyarta, ku miƙa mata shi ku ga ko za ta iya riƙewa.