Marfin Kwalbar Mai Kitso

Shekara da shekaru hannunta na cikin gashin mutane, amma nata kan ba mai taɓawa. Mai Kitso ake ce mata a layin, har waɗanda suka san sunanta sun daina kira. Shagonta ɗan ɗaki ne tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Kujera biyu ne a ciki, da madubi mai tsaga a kusurwa, da kwandon mataji, da man gashi da ke narkewa in rana ta yi zafi. Ta jera kayan yadda in tana aiki bango ne a bayanta, ƙofa kuma tana inda idonta ke kaiwa. Nata kitson da kanta take yi, da lalube, ranar da babu ciniki.

Mijinta ba mai ɗaga murya ba ne, shi ya sa maƙwabta suka daɗe ba su san komai ba. Takunsa take fara ji a kan matakala, daga nauyin takun ta san abin da ke tafe. Ta baya yake zuwar mata, tana wanki ko tana girki. Ranar da ya karya mata ƙashin kafaɗa, ta kama ɗansu da hannun da ke da lafiya suka fita, ba ta sake komawa ba. Daga baya ta ji labarin ya rasu. Ta ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Sai yaron ya girma. Dogo take ce masa, don tun yana ƙarami ya fi sa'o'insa tsawo. Yaro ne mai sanyin hali, wanda ke share mata shago kafin ya wuce wurin koyon walda. Amma muryarsa da ta buɗe, muryar ubansa ce ta fito. Faɗin kafaɗar ma nasa ne, haka takun.

Wata rana tana wanke kwanuka ya miƙo hannu ta saman kafaɗarta zai ɗauki kofi. Kafin ta san abin da take yi, ta durƙushe ta rufe kanta da hannu biyu.

"Umma, ni ne fa," ya ce.

Ta san shi ne. Jikinta ne bai sani ba.

Daga ranar Dogo ya koyi yin gyaran murya tun daga bakin ƙofa. Yakan cire takalmi a ƙasan matakala ya riƙo a hannu, ya hau da sanɗa. Ya aske gemun da ya daɗe yana tattali. Ba wanda ya ɗago maganar a cikinsu. Da ya gama koyon sana'a, sai ya ce ya samu aiki a wani gari mai nisa, wai an fi biya a can. Ta ce Allah ya sa albarka. Ta san ba biyan ne ke kai shi ba.

Wata nas ce da ke zuwa kitso ta fara yi mata zancen wani aji.

"Anti, kafaɗun nan naki kullum suna manne da kunne, kamar mai jiran tsawa. Akwai wata malama a bayan asibitinmu, tana koya wa mata yoga."

"Ni da gwiwoyin nan? In na naɗe, wa zai warware ni?"

"Ba naɗewa ake yi ba. Miƙa ce da numfashi. Ko kwanciya kika je kika yi, ba mai korar ki."

"To ai kwanciya ina da ita a gida. Daina motsa kai, za ki ɓata min tsaga."

Amma ta je, saboda ranar tafiyar Dogo na ta matsowa.

Ɗakin tsohon sito ne da aka share, da fanka ɗaya da shimfiɗun roba. Ƙofar a buɗe ake barinta. Malamar, wata siririya mai furfura a gaban goshi, ba ta taɓa cewa a rufe ido ba, kuma ba ta zagayawa ta bayan kowa. Kowace magana tata da "in kin ga dama" take farawa. A gefen kowace shimfiɗa akwai marfin kwalba. Malamar ta ce in an kife shi, ba za ta taɓa mai shimfiɗar ba ko da ɗan yatsa. In an buɗe shi sama, za ta zo ta gaba, ta tambaya, sannan ta gyara wa mutum tsayuwa. Ana iya sake kife shi a kowane lokaci, ba sai an ba da dalili ba.

Mai Kitso ta kife nata, ta zaɓi shimfiɗar jikin bango. Abin ya ba ta mamaki, a ce ɗan marfi ya isa ya tsayar da hannun mutum. Mako ya bi mako tana jiran ranar da malamar za ta manta. Ba ta manta ba.

Ba wani abin a zo a gani ta koya ba. Ta koyi jin tafin ƙafarta a ƙasa. Ta koyi sakin numfashi ya fi shigarsa tsawo. Wata rana da aka ce a ɗaga hannu sama, kafaɗar da ta karye ta yi rawa, hawaye ya zubo mata ba tare da ta san daga ina ba. Ba wanda ya rarrashe ta. Malamar ta ce a hankali, wadda ke son hutawa ta huta. A ajin ba ta taɓa buɗe marfin ba, amma ranar ƙarshe kafin tafiyar ta roƙi a ba ta shi.

Da safen tafiyar, jakar Dogo na bakin ƙofa, yana tsaye nesa da ita kamar yadda ya saba. Ta ciro marfin ta ajiye a kan tebur, ta faɗa masa yadda ake yi da shi.

"Umma, ba sai kin wahalar da kanki ba."

"Kai dai zo ta gaba. Kada ka yi sauri."

Ta buɗe marfin sama. Ya tako har gabanta.

"In taɓa?"

"Taɓa."

Ya ɗora hannu a kafaɗarta. Nauyin hannun irin na ubansa ne. Ta nemi tafin ƙafarta ta same shi. Ta saki numfashi, ta bar idonta a buɗe, ta kalli hannun. A bayan hannun akwai tabon ƙuna, na ranar da matajin wuta ya faɗo masa a shago yana rarrafe, ta wuni tana hura masa yana kuka. Ta ɗora nata hannun a kan tabon. Suka ɗan jima a haka. Da abin ya fi ƙarfinta, ta miƙa ɗaya hannun ta kife marfin. Ya janye a take.

"Ka ga, iyakar abin da na iya ke nan," ta ce. "Da ka ƙara min lokaci."

Ya goge fuska da hannun riga. "Na riga na ba su kalmata, Umma. Mota na jira."

"Na sani. To in ka zo hutu, ka hau da takalminka. Kuma ka bar gemun nan ya fito, yanzu kamar ɗan tsako kake."

Ya yi dariya, muryarsa na karyewa. Ya ɗauki jaka ya sa takalmi a nan bakin ƙofa.

Ta tsaya tana jin takunsa yana sauka, mai nauyi, irin wanda ta sani tun kafin a haife shi. Kafaɗunta suka tashi da kansu. Ta sauke su a hankali, ta ci gaba da saurare har sautin ya ɓace cikin hayaniyar titi. Sannan ta ƙulle marfin a gefen zani, ta ɗauki makullin shago.