Shafukan da Na Bari Fari a Littafin Baba Ndatsu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Satumba, 2025, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran surukina, Baba Ndatsu, tsohon mai gyaran bindigogin gwamnati, a gidansa da ke Limawa.

Baba, ka tafi ka bar ni da haushi, kuma ban san wanda zan kai wa ƙara ba.

Kai ka fara kira na 'yarka a gidan nan. Kai kake sayo mini gasasshiyar doya idan ka dawo daga Gwada, ka ɓoye ta a aljihun riga don kada ɗanka Faruk ya gani. Da idonka ya yi rauni, ka sayo littafi mai bango ja, ka ce, “Zakiyya, ke mai son karatu ce. Zauna, zan faɗa ki rubuta.” Na yi murna, na ɗauka labarin soyayyarka da matarka marigayiya Nna zan ji. Ashe tarihin ƙaramar bindiga ne, wadda aka kawo maka gyara sau ɗaya tak, ta yi kwana uku a hannunka, ba ka sake ganin irinta ba.

Na tambaye ka ko mai ita yana da masoyiya. Ka ce yana da tsatsa a bindiga. Na ce ko an taɓa kare mace da ita. Ka ce in rubuta tsawon sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke cikinta.

Ga abin da na ɓoye maka. Duk lokacin da ka shiga bayanin ƙarafa, nakan ajiye biro in buɗe littafina na soyayya a kan cinya, ina ce maka “to, Baba”. Kai kuwa ka maimaita, ka sake maimaitawa, har na kai wa Faruk kuka cewa tsufa ya fara taɓa ka. Da ka rasu na buɗe jan littafin, na ga rabinsa fari. Aikin da ka riƙe a ka shekara arba'in, ni na zubar. Kwana biyu ban iya cin abinci ba.

Ranar addu'ar uku, amininka Baba Yona ya zo daga Ketaren Gwari, ya nemi ganin littafin. Na miƙa masa ina kuka. Ya yi murmushi ya ce, “'Yata, ai ya sani. Ya ce da zarar ya zo kan sifirin sai bironki ya yi shiru. Shi ya sa yake faɗa sau bakwai.”

Baba, wannan adalci ne? Na zauna da biro, sai ga shi duk yana zuba daga kaina: yadda bututun bindigar ke zamewa gaba maimakon baya idan an harba, ya tofar da kwanson harsashi, ya dawo ya haɗiye wani. Sunan jarumin littafin da nake karantawa kuwa na manta shi. Jiya na cike shafi na ƙarshe.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba Faruk, da 'yan'uwansa, da Baba Yona haƙurin rashinka. Ni kuma ka yafe mini. Tsawon sifirin yana shafi na goma sha biyu.

'Yarka, Zakiyya